Tunis: Tafiyar kilomita biyu da ke nuna wanda ke da iko a Tunisiya

A Tunis, babban birnin Tunisiya, akwai titin da 'yan gari ba sa wahalar da bakinsu wajen kiran cikakken sunansa. "L'Avenue" kawai suke cewa da Faransanci, wato Titin, kowa kuma ya san wanda ake nufi. Shi ne Titin Habib Burgiba, wanda a alluna ake rubutawa Bourguiba. Tsawonsa kimanin kilomita ɗaya da rabi ne, faɗinsa kuwa ya kai mita 60.

A kan wannan titi ne dubban mutane suka yi cincirindo ranar 14 ga Janairun 2011, kafin gari ya waye kuma Shugaba Zainul Abidina Ben Ali ya tsere daga ƙasar bayan shekara 23 yana mulki. Amma labarin bai fara a ranar ba. Duk wanda ya taɓa riƙe Tunisiya, daga sarakunan gargajiya zuwa Turawan Faransa zuwa shugabannin bayan 'yanci, ya bar tambarinsa a dandalolin tsakiyar birnin. Wani ya sauya suna, wani ya kafa mutum-mutumi, wani ya tumɓuke na wanda ya gada.

Ana iya ganin wannan duka da ƙafa. Daga Dandalin Kasba da ke kan tudu a yamma zuwa hasumiyar agogo da ke gabas tafiyar kamar kilomita biyu ce, kuma kusan miƙaƙƙiya. Mai tafiya yana gangarawa ne daga ƙarni na 13 zuwa yau.

Kasba, inda mulki ya fara zama

Kasba ita ce tsohuwar fadar masu mulki. Masallacin da ke wurin an gina shi ne a shekarun 1230, zamanin Abu Zakariyya, wanda ya kafa daular Hafsawa, ya mayar da Tunis cibiyar mulkinsa. Tun daga lokacin gwamnati ba ta yi nisa da wannan tudu ba. Darul Bey, gidan da sarakunan Tunis masu laƙabin Bey suka yi amfani da shi, yanzu shi ne ofishin shugaban gwamnati. Ma'aikatar Kuɗi na kusa da shi. Can sama kuma akwai makeken fili da aka shimfiɗe da duwatsu a gaban ginin hukumar birni.

A gefen filin akwai Kwalejin Sadikiyya, wadda waziri Khairuddin ya kafa a 1875 domin a haɗa karatun addini da ilimin zamani. A nan Habib Burgiba ya yi karatu, shi da da yawa daga cikin waɗanda suka jagoranci neman 'yanci. Kabarin Farhat Hashad ma a Kasba yake. Shi ne ya kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta UGTT a 1946, aka kashe shi ranar 5 ga Disambar 1952 a lokacin da gwagwarmaya da Faransa ta yi zafi.

Wannan dandali na ma'aikatan gwamnati ne da masu tsaro. Ba wurin hira ba ne. Mutane na ratsawa ne su wuce, sai 'yan makaranta da masu ɗaukar hoto. Shi ya sa abin da ya faru a nan a farkon 2011 ya girgiza hukuma, kamar yadda za mu gani a gaba.

Kasuwar dara da kasuwar bayi

Daga Kasba hanya ta nutsa cikin tsohon gari, wanda ake kira Madina. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. A nan babu faffaɗan titi. Lunguna ne masu rufi, wasu ma mutum biyu da ƙyar suke giftawa. A tsakiya Masallacin Zaituna yake, wanda aka sake gina shi a siffarsa ta yanzu wajen shekarar 864, ya kuma daɗe yana matsayin babbar makarantar malaman Malikiyya.

Kusa da masallacin akwai kasuwar masu yin jar hula ta ulu, wadda 'yan Tunisiya ke kira shashiya. Bahaushe zai gane ta nan take, domin ita ce dara. Har yanzu wani ɓangare na abin da ake yi a nan ana fitar da shi zuwa Libiya da Nijar da Najeriya.

'Yan taku kaɗan daga nan akwai wani ƙaramin dandali mai rufi da ake kira Sukul Birka. Yau zinare da azurfa ake sayarwa a shagunansa. A da kuwa mutane ake sayarwa. Nan ce kasuwar bayin Tunis, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka tsayar a tsakiyarta an ratso da su Sahara ne daga Borno da ƙasar Hausa da maƙwabtansu. Ahmad Bey ya rufe kasuwar a 1841, sannan ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya a Janairun 1846. Jikokin waɗannan mutane su ne suka riƙe kiɗan Stambeli, wanda ke da dangantaka da bori, kuma har yau ana jin ɓurɓushin kalmomin Hausa da Kanuri a cikin waƙoƙinsa.

Ƙofar da ta raba gari biyu

Lungun da ya gangaro daga Zaituna yana fitowa ne a Babul Bahar, wato Ƙofar Teku. An kira ta haka ne saboda a da ruwan tafkin Tunis ba shi da nisa da ita. Bayan ƙofar fadama ce da bola da magudanan ƙazantar gari. Ganuwar da ƙofar ke jikinta an rushe ta tuntuni, ya rage ƙofar ita kaɗai a tsaye a tsakiyar fili, ana zagaye ta ta kowane gefe.

A kan waccan fadamar aka gina sabon gari. An yi ta cike ta da ƙasa da ɓaraguzai ana tura tafkin baya. Aikin ya kankama ne bayan yarjejeniyar Bardo ta 12 ga Mayun 1881, wadda ta sa Tunisiya ƙarƙashin Faransa. Turawa suka sauya wa ƙofar suna zuwa Ƙofar Faransa. A 1925 suka kafa mutum-mutumin Kadinal Lavigerie, babban limamin Katolika, ɗauke da gicciye, a bakin hanyar da ke zuwa Zaituna. Ɗaliban masallacin suka yi zanga-zanga a kan haka. Bayan samun 'yanci aka ɗauke shi, filin kuma ya koma Dandalin Nasara.

Idan ka tsaya a ƙarƙashin ƙofar za ka ga bambancin da idonka. A bayanka lunguna ne masu lanƙwasa da inuwa. A gabanka titi ne miƙaƙƙe mai dogayen baranda irin na biranen Turai, ana kiransa Titin Faransa. Ba shi da tsawo. Shi ne ke kai mutum bakin Titin Burgiba.

Ibn Khaldun tsakanin coci da ofishin jakadanci

Titin Burgiba ya fara ne daga Dandalin 'Yanci. A hannun dama akwai ofishin jakadancin Faransa. An gina shi wajen 1860 a matsayin gidan ƙaramin jakada, daga 1881 kuma ya zama mazaunin babban wakilin Faransa, wanda shi ne mai iko na zahiri har zuwa ranar 'yanci, 20 ga Maris 1956. A hannun hagu, daura da shi, akwai babbar majami'ar Saint Vincent de Paul da aka buɗe a 1897. Turawa sun ajiye mulkinsu da addininsu suna kallon juna a ƙofar sabon garinsu.

Gwamnatin Burgiba ba ta rushe ko ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne a 1978 ta kafa mutum-mutumin Ibn Khaldun a tsakaninsu, sanye da alkyabba, riƙe da littafi. An haifi wannan malami a Madinar Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Littafinsa Muƙaddima ya yi bayanin yadda dauloli ke tasowa da ƙarfin haɗin kai, su ji daɗi, su yi sake, wasu su ture su. Bayan juyin juya halin 2011 an daɗe ana ganin waya mai ƙaya da motocin soja kewaye da shi, saboda tsaron ofishin jakadancin.

Titin kansa sau uku yana shan suna. Da farko Titin Marine ne, hanyar zuwa bakin ruwa. A 1900 aka sa masa sunan Jules Ferry, firaministan Faransa da aka mamaye Tunisiya a zamaninsa. Bayan 1956 ya koma na Burgiba.

Gahawa, furanni da matakalar gidan wasa

Daga Dandalin 'Yanci zuwa gabas, tsakiyar titin na masu tafiya a ƙasa ne. Motoci na bin gefe da gefe. Bishiyoyi dangin ceɗiya sun yi layi, an aske kawunansu daidai wa daida. Da almuru tsuntsaye kan cika su da kuka har ya danne ƙarar motoci.

A gefen titin shagunan shan gahawa ne jere, kujerunsu na fuskantar hanya. Mutum zai sayi ƙaramin kofi ɗaya ya zauna awa biyu, babu mai tashinsa. Tsofaffi na karanta jarida, ɗalibai na jayayya, masu neman aiki na kashe lokaci. Da bazara yara da dattawa kan zagaya da ƙananan dunƙulen furen yasmin da ake kira mashmum, wanda maza ke saƙalawa a bayan kunne. A watan azumi titin kan yi tsit gab da shan ruwa, bayan tarawihi kuma ya cika maƙil har tsakar dare.

Fitaccen gini a wannan yanki shi ne gidan wasan kwaikwayo na birni, fari fat mai ado a goshi, wanda aka buɗe a Nuwambar 1902. Matakalarsa ta zama mahaɗa. A nan abokai ke yin alƙawarin haɗuwa, a nan kuma ƙananan zanga-zanga ke taruwa, domin mai magana na samun tudun da zai tsaya a gan shi. Kusa da shi akwai ginin Colisée mai gidan sinima, ɗaya daga cikin wuraren da ake nuna finafinai a bikin Kartaj, wanda aka fara a 1966. Ɗan Senegal Usman Sembene ne ya lashe babbar kyautar bikin na farko. Can gaba kuma dogon otal ɗin Africa mai launin shuɗi ya yi wa sauran gine-gine zarra.

Ginin da ake sauke murya a gabansa

Kusa da ƙarshen wannan sashe, a hannun dama, akwai wani gini mai ruwan toka wanda ba shi da wani ado. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke nan. A zamanin Burgiba da na Ben Ali, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wannan gini ake tsare 'yan adawa: masu ra'ayin gurguzu, 'yan ƙwadago, masu kishin Islama. Wasu daga cikinsu sun bayyana irin azabar da suka sha a zaman sauraron jama'a da Hukumar Gaskiya da Mutunci ta fara a Nuwambar 2016, aka watsa kai tsaye a talabijin. Tsakanin wannan gini da teburan shan gahawa 'yan mitoci ne kawai.

Gaba kaɗan sai shataletalen da ya fi kowane wuri a Tunis shan sauyi. A zamanin Turawa mutum-mutumin Jules Ferry ne a wannan ɓangare na titin. Aka kawar da shi bayan 'yanci. Daga baya aka kafa na Burgiba a kan doki. Ranar 7 ga Nuwambar 1987 Ben Ali, wanda shi ne firaminista, ya tara likitoci suka sa hannu cewa tsufa ya hana Burgiba iya mulki, ya karɓe kujerar. A 1988 aka ɗauke dokin da mahayinsa zuwa garin La Goulette da ke bakin teku, aka kafa agogo a gurbinsa, filin kuma ya zama Dandalin 7 ga Nuwamba. A 2001 aka maye gurbin agogon da doguwar hasumiyar ƙarfe da ke nan har yau, wadda 'yan gari ke kira Mungala.

Bayan faɗuwar Ben Ali aka sauya sunan zuwa Dandalin 14 ga Janairu. A ranar 1 ga Yunin 2016 kuma Shugaba Beji Kaid Essebsi, tsohon ministan Burgiba, ya dawo da dokin kusa da agogon. Ba a zaɓi ranar da ka ba. Ranar 1 ga Yunin 1955 ce Burgiba ya dawo gida daga gudun hijira.

Ranar Juma'ar da aka daina tsoro

Wutar ta tashi ne daga nesa. Ranar 17 ga Disambar 2010 wani matashi mai sayar da kayan marmari, Muhammad Bu'azizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Buzid bayan jami'ai sun ƙwace masa kaya. Ya rasu ranar 4 ga Janairu. Zanga-zanga ta bi garuruwan tsakiyar ƙasar da talauci ya yi wa katutu, kafin ta iso Tunis.

Daren 13 ga Janairu Ben Ali ya fito a talabijin ya ce ya fahimci jama'a, ya yi alƙawarin ba zai sake tsayawa takara ba. Washegari Juma'a, mutane suka taru a Dandalin Muhammad Ali, wani ɗan ƙaramin fili a gaban hedikwatar UGTT da ke kusa da Babul Bahar, suka dunguma zuwa Titin Burgiba. Ba su tsaya a gidan wasa ba. Sai da suka je ƙofar Ma'aikatar Cikin Gida suka tsaya, suna ɗaga hannu suna cewa "Dégage", wato ka tafi. Da rana 'yan sanda suka tarwatsa su da hayaƙi mai sa hawaye. Da yamma jirgin Ben Ali ya tashi zuwa Jidda. A Saudiyya ya rasu a Satumbar 2019. Kwamitin binciken da aka kafa daga baya ya ƙirga sama da mutum 300 da suka mutu a boren.

Tafiyar shugaban ba ta tafi da gwamnatinsa ba. Firaministansa Muhammad Gannushi ya ci gaba da zama a Darul Bey. Sai matasa daga garuruwan karkara suka yi ayari zuwa Tunis, suka shimfiɗa barguna a ƙofar ofishinsa a Kasba, cikin sanyin Janairu. An kore su da ƙarfi, suka dawo a Fabrairu da yawan da ya fi na farko. Ranar 27 ga Fabrairu Gannushi ya yi murabus. Wannan zaman dirshan ne ya tilasta a yi zaɓen majalisar rubuta tsarin mulki ranar 23 ga Oktobar 2011.

Wa ke da titin yanzu?

Tun daga lokacin, hanya mafi sauƙi ta gane yanayin siyasar Tunisiya ita ce a duba ko an bar mutane su taru a Titin Burgiba. A ƙarshen Maris 2012 gwamnatin da jam'iyyar Ennahda ke jagoranta ta haramta zanga-zanga a kansa. Ranar 9 ga Afrilu, ranar tunawa da waɗanda Faransa ta harbe a 1938, jama'a suka yi kunnen ƙashi suka fito, aka yi arangama. Cikin 'yan kwanaki aka janye dokar.

Matsalar tsaro ta ƙara wa hukuma hujja. A Nuwambar 2015 bam ya hallaka jami'an tsaron fadar shugaban ƙasa 12 a cikin motarsu a kusa da Titin Muhammad na Biyar, wanda ya tashi daga agogo ya yi arewa. A Oktobar 2018 wata mata ta tayar da bam a jikinta kusa da gidan wasa. Shingayen ƙarfe da motocin 'yan sanda suka zama wani ɓangare na titin, musamman a kewayen ma'aikatar.

Ranar 25 ga Yulin 2021 Shugaba Kais Sa'id ya dakatar da majalisa ya tattara iko a hannunsa. Magoya bayansa a wannan titi suka yi murna, masu adawa da shi ma nan suke nufa. A ƙarshen shekarar ya mayar da ranar bikin juyin juya hali daga 14 ga Janairu zuwa 17 ga Disamba, yana mai cewa a Sidi Buzid aka yi juyin na gaskiya. Ranar 14 ga Janairun 2022 'yan sanda suka tare hanyoyin shiga titin, suka fesa wa masu zanga-zanga ruwa.

A Fabrairun 2023 kuma, bayan kalaman shugaban a kan baƙin haure daga ƙasashen kudu da Sahara, an kori baƙaƙen fata da dama daga gidajen haya da wuraren aiki, an kai wa wasu hari. Ɗaruruwan 'yan Tunisiya suka yi maci zuwa Titin Burgiba suna yin tir da wariyar launin fata. Tsakanin inda suka tsaya da tsohuwar kasuwar bayi ta Birka tafiyar 'yan mintuna ce.

Ga mai niyyar zuwa

Da safe ya fi kyau a fara daga Kasba, lokacin da kasuwannin Madina ke buɗe, a iso Titin Burgiba da la'asar. Yawancin shagunan tsohon gari ba sa buɗewa ranar Lahadi. Kada a ɗauki hoton Ma'aikatar Cikin Gida ko jami'an tsaro ko ofishin jakadanci, domin yana iya jawo tambayoyi. Baƙo, musamman ɗan Afirka ta Yamma, ya riƙe fasfonsa da shaidar masaukinsa a jikinsa, kuma idan ya ga taron siyasa ya ba shi hanya.

Kudu da titin akwai Dandalin Barcelona, inda babbar tashar jirgin ƙasa take, kuma mahaɗar jiragen cikin gari ce. Babbar kasuwar kifi da kayan miya na Titin Charles de Gaulle, kusa da Titin Faransa. Wanda ya wuce agogo ya ci gaba da tafiya gabas zai tarar da tashar Tunis Marine. Daga nan jirgin TGM ke ratsa tsakiyar tafkin zuwa La Goulette da kufan Kartaj da Sidi Bu Sa'id, ya ƙare a La Marsa.